Kuɗin gidauniyarmu ko na gwamnati: wa zai ɗauki nauyin yaƙi da sigari a ƙauye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu, wani ƙauye a ƙasar Gumel. Bayan girbi mun yi gidauniya, 'yan garinmu mazauna Kano da Legas ma sun aiko da nasu. Wasu daga cikinmu suna so a ware wani kaso don yaƙi da shan sigari, ganin yadda yara 'yan shekara 13 zuwa 14 suka fara busawa a bayan makaranta da tasha. Wasu sun ce aikin gwamnati ne, akwai kuɗinsa a Abuja, kada mu taɓa namu. Wasu sun ce a rubuta wa ƙungiyoyin Turawa. Sannan wani ɗan kasuwa mai sarar sigari ya ce zai ba da gudummawa mai tsoka in za a yi taro. Don Allah a ba mu shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam Sakatare, Allah ya saka muku da alheri, kai da 'yan ƙungiyarku, ya sa albarka a abin da kuka tara. Na daɗe ina aikin lafiya matakin farko a karkarar Kano da Jigawa, kuma ba kasafai nake jin ƙungiyar gari ta kawo maganar sigari a zamanta ba. Rijiya da rufin aji da katangar maƙabarta su ne kullum a gaba, kuma da gaskiyar mutane. Shi ya sa tambayarku ta faranta mini rai.

Shawarata ita ce ku ware wani abu, amma ɗan kaɗan, kuma kada ku kashe shi a taro. Kada ku jira kuɗin Abuja ko na Turawa kafin ku fara. Shi kuwa mai sarar sigari, ku gode masa ku bar masa kuɗinsa, don akwai abin da za ku roƙe shi wanda ya fi kuɗin amfani.

Waɗanda suka ce aikin gwamnati ne ba su yi ƙarya ba. Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taƙaita taba a 2004, ta tabbatar da ita a 2005. A watan Mayun 2015, kwanaki kaɗan kafin ya sauka daga mulki, Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar taƙaita taba ta ƙasa, amma ƙa'idojin aiwatar da ita ba su fito ba sai 2019. Dokar ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sa yaro ya sayar, ta hana sayar da sigari kara-kara sai dai kwali guda mai kara 20, ta hana busawa a makarantu da asibitoci da motocin haya da sauran wuraren jama'a. Hotunan gargaɗin nan da kuke gani a jikin kwali tun 2021 daga cikinta suka fito. Kuma ita ce ta kafa asusu na musamman don wannan aiki, wanda nake jin shi 'yan'uwanku suke nufi da kuɗin Abuja.

To, ga abin da ke cikin asusun. Shekara 8 ya yi a takarda ba a sa masa ko kwabo ba. Sai a kasafin 2023 aka ware masa naira miliyan 4.7, a 2024 miliyan 10, a 2025 miliyan 13. Wannan fa na ƙasa ne baki ɗaya. Ka raba miliyan 13 ga ƙananan hukumomi 774, kowacce ba za ta samu naira dubu 17 ba. Ba mamaki gidauniyarku kaɗai ta ninka kason ƙaramar hukumarku sau da yawa. Ƙungiyoyin farar hula irin su CAPPA sun sha kiran a kai shi aƙalla miliyan 300, wanda shi ma ba wani abin a zo a gani ba ne ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Don haka duk wanda ya ce a jira asusun nan ya iso ƙasar Gumel, ku gaya masa yaran da kuke magana a kansu za su yi gemu da sigari a baki bai iso ba.

Abin da ya fi damuna shi ne matsalar ba ta rashin kuɗi ba ce. Taba tana kawo wa gwamnati kuɗi kowace rana. Daga watan Yunin 2018 aka sa harajin naira 1 a kan kowane kara, ban da kashi 20 cikin 100 na farashin masana'anta. A 2022 aka ɗaga zuwa kashi 30 da naira 4.20 a kara. Wannan haraji asusun tarayya yake shiga, a raba shi tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi, wato duk karan da yaron garinku ya saya, wani ɗan abu daga cikinsa yana dawowa Dutse da sakatariyar ƙaramar hukumarku a cikin kason wata. Ba a dai ce ga kason da za a mayar kan ɓarnar da tabar ta yi ba. A Disamban 2023 kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta sanar da tarar dala miliyan 110 a kan kamfanin British American Tobacco saboda saɓa dokoki, kuɗin da ya haura naira biliyan 80 a canjin lokacin. Ka ajiye wannan kusa da miliyan 10 da aka ba asusun a shekarar da ta biyo.

Akwai ƙasashen da suka gyara wannan. Tailan ta yi doka a 2001 ta ɗora ƙarin kashi 2 cikin 100 a kan harajin taba da giya, kuɗin yana tafiya kai tsaye ga wata gidauniyar lafiya, ba ya bi ta hannun mai rabon kasafi. Akwai kuma inda kuɗi ya zo ya sulale. A 1998 jihohin Amurka 46 suka yi sulhu da manyan kamfanonin taba kan biyan dala biliyan 206 cikin shekara 25, amma abin da jihohin ke kashewa wajen hana shan taba, a mafi yawan shekaru, bai kai kashi 5 cikin 100 na abin da suke samu daga sulhun da harajin taba ba. Sauran ya tafi tituna da albashi da cike giɓin kasafi. Jihar Kano ma tana cikin jihohin da suka maka kamfanonin taba a kotu a 2007 suna neman diyyar kuɗin jinya. Ko da a ce irin wannan kuɗi ya faɗo gobe, in ba a rubuta a doka cewa kaso kaza na wannan aiki ne ba, ba zai je ba.

Shi kansa harajin, ko ba a ware komai daga cikinsa ba, shi ne makami mafi kaifi, domin yaro da talaka su ne suka fi jin tsada. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ke dogaro da shi ya nuna in farashi ya tashi da kashi 10, shan taba yakan ragu da kusan kashi 5 a ƙasashe irin namu. Hukumar tana son haraji ya kai kashi 75 cikin 100 na kuɗin da mai saye ke biya, ECOWAS kuma a 2017 ta ce kada ya gaza kashi 50 na farashin masana'anta da santi 2 na dala a kowane kara. Namu bai kai ko ɗaya ba, ga faɗuwar naira ta cinye ɗan abin da aka ƙara. Wannan fagen ba na ƙungiyar ƙauye ba ne. Na kawo shi ne don ku san abin da za ku tambayi ɗan majalisar tarayya in ya zo neman ƙuri'a.

Maganar ƙungiyoyin Turawa ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Babban mai zuba kuɗi a wannan fanni attajirin Amurka ne, Michael Bloomberg, wanda ya fara a 2006 da dala miliyan 125, yanzu abin da ya bayar ya haura dala biliyan 1. Gidauniyar Bill Gates ta shigo a 2008. Sun yi aiki, kuma dokar 2015 ɗin nan da wuya ta fito ba don ƙungiyoyin Nijeriya da suka samu irin wannan tallafi sun yi shekaru suna sintiri a majalisa ba. Amma kuɗin na gyaran doka ne da haraji da bincike da kafofin yaɗa labarai, ana ba da shi ga ƙungiyoyi masu rajista da akanta da rahoton binciken kuɗi. Ba a tsara shi don ƙauye ɗaya ba. In wani ya zo ya ce ku biya kuɗin fom zai samo muku tallafin ƙasar waje, ɗan damfara ne. Kun kuma ga abin da ya faru a farkon 2025 da Amurka ta dakatar da agajinta, ayyukan lafiya da yawa suka tsaya cak a dare ɗaya. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Sai ɗan kasuwarku. Ba na zarginsa da mugun nufi, wataƙila da zuciya ɗaya ya yi tayin. Amma ku duba abin da zai biyo baya. Za a yi taro, a ambaci sunansa a lasifika, a yi masa addu'a. Bayan wata biyu kwamitinku ya ga yaron shagonsa yana miƙa wa ɗan firamare kara biyu. Wa zai je ya yi masa magana? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wannan ne ya sa yarjejeniyar duniya ta keɓe sashe guda, na 5.3, kan nisanta masu harkar taba daga tsara manufofin lafiya, dokarmu ma ta hana su ɗaukar nauyin taruka da ba jami'an gwamnati gudummawa. Manyan kamfanonin sun daɗe da gane amfanin kyauta. Wanda ke da masana'anta a Ibadan yana da gidauniyar tallafa wa manoma tun farkon shekarun 2000, kuma a ganina duk garin da ya karɓi irin wannan, bakinsa ya yi nauyi.

Ku je ku same shi a gida, ba a kasuwa ba, ku biyu ko uku da wani dattijo da yake jin nauyinsa. Ku ce: Alhaji, mun gode, amma gudummawar da muke nema a wurinka ita ce ka gaya wa duk mai tiredar da ke sari a hannunka cewa wanda aka kama yana sayar wa yaro, ka daina ba shi kaya bashi. Maganarsa a wurin masu tireda ta fi ta hakimi tasiri, domin shi ne jarinsu. In ya yarda kun samu abin da kuɗi ba zai saya ba. In ya ƙi, kun san matsayin gudummawar tun farko.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, wato abin da ku kaɗai za ku iya.

Yaro ɗan shekara 13 ba ya sayen kwali. Kara ɗaya yake saya, da canjin aike ko kuɗin tara, a tireda ko teburin mai shayi, wurin mutumin da ya san sunansa da na ubansa. Doka ta hana, amma babu jami'in da zai taso daga Abuja ko Dutse ya tsaya a bakin tashar garinku. Wanda zai iya tsayawa shi ne mai unguwa da liman da ku. Ku roƙi dagaci ya tara masu tireda da masu shayi duka a ƙofar gidansa rana ɗaya. Dole ya zama duka, domin in ka hana mutum ɗaya, yaran za su koma wurin maƙwabcinsa, shi ya yi asarar ciniki ya ji an zalunce shi, bayan mako biyu ya koma ruwa. A yi alkawari a gaban juna, a karanta musu abin da doka ta ce, a sa hannu ko a dangwala. Kada ku fara da hana sayar da kara-kara ga manya, ko da yake doka ta hana, don a nan ribarsu take kuma za ku sha kaye. Ku fara da abin da babu mai iya musunsa a bainar jama'a, wato ba a sayar wa yaro.

Nan take za ku ci karo da "Baba ne ya aiko ni." Wani lokaci gaskiya ne, sau da yawa ƙarya ce, mai tireda kuma ba shi da hanyar bambancewa. Maganinsa a soke aiken baki ɗaya: duk magidancin da ke sha ya je ya saya da ƙafarsa. Liman ya faɗa ranar Juma'a, a maimaita a wurin suna da ɗaurin aure. Na ga magidantan da wannan kaɗai ya rage musu sha, saboda kunyar tsayawa a gaban tireda. Ranar kasuwa kuma baƙi ne ke cika gari, waɗanda ba su san alkawarinku ba, musamman ku da ke kusa da Maigatari inda kayan fasa-ƙwauri masu araha ke shigowa, wasu ma ba hoton gargaɗi a jikinsu. Ku shigo da sarkin kasuwa da sarkin tasha da shugaban 'yan acaɓa da duba-garin ƙaramar hukuma tun ranar farko, kada su ji labari daga baya.

Ina roƙonku da girman Allah kada a mayar da abin farauta. Kada 'yan sintiri su kama yaro su zane shi ko su aske masa kai a gaban mutane. A wurinmu an riga an ɗauki mai shan sigari a matsayin marar tarbiyya, shi ya sa ake ɓoyewa, shi ya sa magidanci zai zo asibiti da tari, leɓɓansa sun yi baƙi, a tambaye shi ya rantse bai taɓa sha ba. Yaron da aka tozarta ba ya dainawa, wuri yake canzawa, ya koma kango ko bakin rafi inda masu wiwi da sholisho suke. Wanda za a matsa wa mai sayarwa ne. Yaron kuwa a kira ubansa ko kawunsa a yi magana a zaure.

Su kuma manyan da suka riga suka kamu, yawancinsu suna so su bari. Abin da mutane ba su gane ba shi ne ba taurin kai ba ne kawai. Sinadarin nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙoƙi kaɗan bayan zuƙa, kuma in ta saba da shi, rashinsa yana kawo saurin fushi da rashin barci da ciwon kai da kasa tattara hankali. Wahalar ta fi tsanani a kwana ukun farko zuwa mako guda, ta lafa cikin mako 2 zuwa 4. Ita kuma jarabar da ke taso wa mutum farat ɗaya, mintuna kaɗan take yi ta wuce in ya daure. Wanda aka gaya wa wannan tun farko yana iya jurewa, don ya san abin yana da iyaka. Wanda ba a gaya wa ba, a rana ta uku zai ce jikinsa ba zai iya ba.

Abin da ke aiki ba shi da tsada. Mutum ya tsayar da rana, ya gaya wa matarsa da amininsa, ya zubar da abin da ya rage har ashana. Ya san lokutan da hannunsa ke zuwa aljihu da kansa: bayan tuwon dare, teburin mai shayi, zaman jiran fasinja, daren ban ruwa a fadama. Ya tanadi abin da zai sa a baki a lokutan, asuwaki ko rake ko gyaɗa, ya kuma ƙaurace wa majalisar masu sha na makonnin farko. A samu mutum ɗaya, gara wanda shi ma ya taɓa sha ya bari, da zai riƙa leƙa shi ko kiransa a waya. Watan azumi dama ce babba, tunda mutum ya riga ya yini bai sha ba, sai dai a shirya tun Sha'aban yadda zai tsallake lokacin buɗa baki da bayan asham. Lissafin kuɗi ma yana taɓa zuciya fiye da hoton huhu. A ce kara naira 50 ne, mutum yana shan 10 a rana, ya kama dubu 15 a wata, sama da dubu 180 a shekara. Ku bar shi ya faɗa da bakinsa buhun taki nawa ke nan. Ku kuma ba shi albishir na gaskiya: shekara guda bayan bari, haɗarin ciwon zuciya yana raguwa da kusan rabi, wanda ya bari kafin shekara 40 kuwa ya kauce wa kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin mutuwar da taba ke jawowa.

Akwai magungunan taimako, cingam ɗin nikotin da wanda ake mannawa a fata, suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2009. Suna da amfani ga wanda ya yi nisa, irin mai kunnawa kafin ya wanke fuska, amma suna da tsada kuma sai manyan kantunan magani na birni. Kada ku sayo su da yawa ku raba, sai da ma'aikacin lafiya. Kuma kada a bar kowa ya ce ya bar sigari ya koma tabar gari ko shisha. Tabar garin nan da ake haɗawa da kanwa, wadda iyayenmu tsofaffi maza da mata ke sawa a leɓe ko shaƙa a hanci, nikotin ɗin dai shi ne a ciki, kuma tana jawo sankarar baki. Ba a cika kawo ta a lissafi ba don ba ta hayaƙi. Ku sa ta a cikin aikinku, amma da ladabi, ta bakin 'ya'yansu mata da ungozoma.

To ina kuɗin zai shiga? Ni da za a ba ni zaɓi, na'urar awon hawan jini mai kyau zan fara saya wa asibitin garin in ba su da ita, da babban littafi na rubuta sunaye. Sai a ajiye kuɗin mota don duk wanda ya yi mako biyu yana tari a kai shi gwajin tarin fuka. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuɗin zuwa ne ke hana mutane, ga shi shan sigari yana kusan ninka haɗarin kamuwa da cutar. Sai katin waya ga masu bibiyar waɗanda suka ɗau niyyar bari. In akwai ragowa, mai tiredar da ya yarda ya daina sayar da sigari kwata-kwata a ba shi rancen jari marar ruwa ya cike gurbin da wani kaya. Riguna masu rubutu da hula da hayar rumfa da kujeru da abincin manyan baƙi ranar 31 ga Mayu, wato ranar yaƙi da taba ta duniya, duk ku bar su. Taron yini ɗaya zai cinye abin da zai riƙe wancan aikin shekara guda, washegari kuma tireda tana nan yadda take.

Malamai ku kai musu bayanin lafiya, ku bar musu hukunci, su suka san yadda za su haɗa shi da aya ta 195 ta Suratul Baƙara da hadisin da ya hana cuta da cutarwa. Abin da na fi so su taɓo shi ne haƙƙin iyali. Mai busawa a ɗaki yana shayar da matarsa da jaririnsa hayaƙin da ba su nema ba, a kan na itacen girki da suke sha kullum. Yana jawo wa yara ciwon haƙarƙari da asma da ciwon kunne, yana sa mai ciki ta haifi jariri marar nauyi. Daga cikin mutum sama da miliyan 7 da taba ke kashewa duk shekara a duniya, fiye da miliyan ɗaya ba su taɓa kunna ta ba. Mutumin da bai shirya bari ba yau, yana iya yin alkawarin ba zai ƙara sha a cikin gida ba.

In a cikin abin da kuka tara akwai zakkar hatsi, ku ware ta gefe. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade rukunin mutane takwas da ake ba. Talakan da ke jinyar huhu yana iya shiga cikinsu saboda talaucinsa, amma sayen na'ura ko katin waya wata magana ce daban, ku tambayi kwamitin zakka na masarauta. Sadaka da wakafi su ne suka fi dacewa da irin wannan aiki.

Duk wannan ba ya sauke wa gwamnati nauyinta, kuma ƙofar da ta fi kusa da ku tana cikin mazaɓarku. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya matakin farko, wani kaso yana zuwa kai tsaye asusun asibiti ɗaya a kowace mazaɓa, kuma shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa yana cikin masu sa hannu. Ku tabbata kuna da mutum a kwamitin. Ku nemi a sa a tsarin aikin asibitin cewa duk baligin da ya zo, ko da zazzaɓi ya kawo shi, a tambaye shi a keɓe ko yana amfani da taba, a ba shi shawarar minti biyu ko uku, a rubuta a katinsa. An tabbatar gajeriyar shawarar ma'aikacin lafiya tana ƙara yawan masu bari, kuma ba ta cin ko sisi. 'Yan'uwanmu na Kano suna da ƙarin ƙofa, asusun amanar lafiya na jiha, KHETFUND, da aka kafa a 2017.

Sannan ku rubuta wa ɗan majalisar jiha mai wakiltarku tun kafin gwamna ya kai kasafi, ba bayan an gama ba. Kada ku rubuta cewa a taimaka a yaƙi shan taba, wannan kowa zai ce to ya ajiye. Ku ce a buɗe layi a kasafin ma'aikatar lafiya ko hukumar lafiya matakin farko, da sunan aikin da adadin kuɗi, don horar da ma'aikata da fitar duba-gari kasuwanni. Ku nemi ƙungiyoyin wasu garuruwa su sa hannu tare da ku, ko mazaɓu biyar ne. Kano da Jigawa duka suna sa kasafinsu a intanet, ɗan garinku mai waya zai iya dubawa ya ga an sa ko ba a sa ba, in an sa kuma a bi a ga an saki kuɗin. Hujjarku mai ƙarfi ce. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 5.6 cikin 100 na manya ne ke amfani da taba, kimanin mutum miliyan 4.5, namiji ɗaya cikin 10. A Indonesiya fiye da rabin maza ne ke sha. Tare ƙofa yanzu da muke ƙasa ya fi araha nesa ba kusa ba a kan jinyar shanyewar ɓarin jiki da sankara nan da shekara 20, jinyar da a ƙauye gona da shanu ake sayarwa a yi ta.

Game da littafin da na ce ku saya, mutum ɗaya amintacce ne zai riƙe shi, ba mai yawo da zance ba, don sunayen masu neman bari amana ce. A rubuta yawan wuraren da ake sayar da sigari a garin da waɗanda suka shiga alkawari, a riƙa zagayawa duk wata. A rubuta ranar da kowane mutum ya bari, a duba shi bayan mako guda, bayan wata guda, bayan wata shida. Adadin kawai za ku karanta wa 'yan garinku na Kano da Legas a gidauniyar baɗi, ban da sunaye. Kada ku karaya in kun ga da yawa sun koma, yawancin waɗanda suka rabu da ita har abada sai da suka gwada sau da dama. Wanda ya koma kada a soke sunansa, a tambaye shi me ya mayar da shi, a rubuta sabuwar rana a gaban tsohuwar.